Kalsitriyol: dalilin da ya sa ranar Yamai kaɗai ba ta isa ta ƙarfafa ƙashi ba

A Yamai, in likita ya ce wa mutum yana da matsalar bitamin D, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne: "Likita, da wannan ranar tamu?" Tambayar kuwa tana kan hanya. Garinmu na wajen digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, inda hasken da fata ke buƙata don haɗa wannan bitamin ba ya yankewa, rani da damina. Duk da haka a unguwanninmu akwai yaro ɗan shekara uku da ƙafafunsa suka lanƙwashe ko suka yi gwame. Akwai mai jego da ƙugu da cinyoyi suka addaba, har tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Akwai mai ciwon ƙoda da ƙashinsa ya karye a ɗan tuntuɓen da bai taka kara ya karya ba. Rana ɗaya ke kansu duka, amma abin da ya lalace a jikin kowannensu daban ne, kuma ba za a gane bambancin ba sai an san wani sinadari da ake kira kalsitriyol.

Abin da fata ke haɗawa a rana, da wanda ke cikin ƴar kwalbar da ake saye a farmasi, ba shi ne mai aiki a jiki ba. Ɗanye ne. Sai hanta ta yi masa gyara, ƙoda ta ƙara masa wani, sannan ya zama kalsitriyol, wanda a takardar awon jini ake rubuta shi 1,25(OH)2D. Shi wannan homon ne cikakke: ƙoda ke sarrafa shi, ta sake shi cikin jini gwargwadon buƙata, ya je ya ba hanji da ƙashi umarni.

Daga fata tafiyar ke farawa. A cikinta akwai wani dangin kolestarol mai suna 7-dehidrokolestarol. In wani yanki na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, ya sauka a kansa, sai ya sauya masa ƙira, ɗumin jiki ya ƙarasa juya shi zuwa bitamin D3. UVB ya fi yawa daga hantsi zuwa azahar. Gilashin taga da na mota na tare shi, tufa na tare shi, hazon hunturu na rage shi. Baƙar fata na buƙatar lokaci fiye da fara, domin melanin da ke ba ta launi na shanye wani kaso na hasken, amma hakan bai hana ta samun isasshe ba. A wani bincike da aka buga a 2012 kan Masai da Hadza na Tanzaniya, mutanen da ke yini a waje, an samu ajiyarsu ta kai wajen nanogram 46 a kowane mililita na jini, fiye da ninki biyu na abin da ake ɗauka isasshe. Fata kuma ba ta wuce gona da iri. In rana ta yi yawa, hasken da kansa ke mayar da rarar zuwa wasu sinadarai marasa aiki, shi ya sa manomi ko ɗan kabu-kabu ba ya samun gubar bitamin D daga rana komai daɗewarsa a cikinta. Abinci na kawo ɗan ƙari, daga kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai da hanta, amma a cimarmu kaɗan ne ƙwarai.

Jini ke ɗauke bitamin ɗin zuwa hanta, inda wani enzim, wato furotin mai sauya sinadarai, mai suna CYP2R1 ke yi masa gyaran farko ya zama kalsidiyol, wato 25(OH)D. Hanta ba ta cika zaɓe ba, kusan duk abin da ya zo mata juyawa take. Kalsidiyol na daɗewa a jini, sai bayan mako 2 zuwa 3 rabinsa ke ƙarewa. Ƙoda ce mai tsantseni. A ƙananan bututunta wani enzim, CYP27B1, ke ɗibar ɗan kaɗan daga kalsidiyol ya yi masa gyara na biyu. Abin da ke fitowa kaɗan ne matuƙa, kusan kashi 1 cikin 1000 na kalsidiyol da ke yawo a jini, kuma rabinsa na ƙarewa cikin awa 4 zuwa 6.

Mu ɗauki gidan manomi. Kalsidiyol shi ne geron da ke rumbu, kalsitriyol kuwa tuwon da aka tuƙa na daren yau. Wanda ya leƙa tukunya ya gan ta cike ba zai iya rantsewa cewa gidan na da abincin shekara ba, domin in baki ya yi yawa uwargida na iya share gindin rumbu ta cika tukunya. A nan ne mutane da yawa ke asarar jikkunansu a ɗakin awon jini. Sukan ji an ce kalsitriyol ne mai aiki, sai su nemi a auna shi, sakamako ya fito daidai ko ma sama da daidai, su koma gida da kwanciyar hankali alhali rumbu ya kusa ƙarewa. Wanda ke son sanin ko yana da isasshen bitamin D, 25(OH)D zai auna. Ƙasa da nanogram 12 ƙaranci ne, daga 20 zuwa sama ya wadatar da mafi yawan mutane, bisa ƙa'idar da cibiyar likitanci ta Amurka ta fitar a 2011. Awon kalsitriyol kansa na da wurinsa, amma na ƙwararren likita ne da ke bin wata cuta ta musamman.

To wa ke faɗa wa ƙoda yawan da za ta yi? Amsar na tattare da kalsiyam. A jikin babban mutum akwai kalsiyam wajen kilo ɗaya, kashi 99 cikin 100 a ƙashi da haƙora. Ɗan ragowar da ke cikin jini shi ne jiki ke tsaro ba dare ba rana, tsakanin miligram 8,5 da 10,5 a kowane desilita, domin da shi zuciya ke bugawa, jijiya ke kai saƙo, tsoka ke motsi, jini ke daskarewa in an yi rauni. In ya faɗi sosai yatsu su ƙage, jariri ya riƙa jijjiga. Masu gadin wannan ma'auni wasu mitsitsin gaɓoɓi ne guda huɗu a wuya, paratayirod, manne a bayan tayirod ɗin da kan kumbura ya zama maƙoƙo. Da zarar kalsiyam ya ɗan sauka sai su saki homon ɗinsu, PTH, shi kuma ya matsa wa ƙoda ta ƙara yin kalsitriyol. Raguwar fosfat a jini, wato ma'adinin da ke haɗuwa da kalsiyam wajen gina ƙashi, ita ma na zuga ƙodar. A ɗaya ɓangaren ƙashi da kansa na aika nasa saƙon, wani homon mai suna FGF23 da ba a gano ba sai a 2000, wanda ke ce wa ƙoda ta rage in fosfat ya yi yawa. Shi ma kalsitriyol in ya taru yakan rufe ƙofar yin kansa, ya kuma tada wani enzim, CYP24A1, mai rusa shi da kalsidiyol gaba ɗaya. A riƙe wannan na ƙarshen, za mu buƙace shi in mun zo kan yaranmu.

Aikin kalsitriyol mafi girma a hanji yake. Yakan shiga ƙwayar halitta ya haɗu da wani furotin mai suna VDR, su zauna kan ƙwayoyin gado su kunna waɗanda ke ƙera ƙofofi da masu dakon kalsiyam. In babu shi, daga kalsiyam ɗin da mutum ya ci kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kaɗai hanji ke tsotsewa, saura ya fita a bayan gida. In yana nan abin kan kai kashi 30 zuwa 40. Fosfat ma haka, daga wajen 60 zuwa wajen 80. A ƙoda yana taimakawa a maido da kalsiyam kada ya tafi a fitsari. A ƙashi kuwa akwai abin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Kalsitriyol ba don gina ƙashi yake aiki ba, don tsare kalsiyam ɗin jini yake. In abinci ya kawo isasshe, jini ya wadata, ƙashi ya samu rabonsa ya yi ƙarfi. In abinci bai kawo ba, shi da PTH za su tada ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi, su ɗebo kalsiyam daga can su zuba a jini.

An daɗe kafin a gane wannan. A 1919 Edward Mellanby a Ingila ya warkar da ƴan kwikwiyo masu laushin ƙashi da man hantar kifi, a shekarar kuma Kurt Huldschinsky a Berlin ya warkar da yara da hasken fitila mai UV. A 1922 Elmer McCollum a Amurka ya raɗa wa abin suna bitamin D. Aka shafe kusan shekara 50 ana zaton shi ne ke aiki kai tsaye, likitoci na mamakin masu ciwon ƙoda da ake ba su bitamin ɗin amma ƙashinsu bai amsa ba. A 1968 ɗakin binciken Hector DeLuca a Wisconsin ya gano kalsidiyol. A 1970 David Fraser da Egon Kodicek a Cambridge suka nuna cewa a ƙoda ake gyaran ƙarshe, a 1971 aka tantance ƙirar kalsitriyol, zuwa 1978 ya shiga kasuwar Amurka a matsayin magani da sunan Rocaltrol.

Binciken da ya fi shafarmu a kusa da mu aka yi shi, a Jos ta Najeriya. Likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun ga yara masu lanƙwasasshiyar ƙafa suna ta zuwa asibiti a garin da rana ba ta ƙaranci. Suka ɗauki yara 123 masu rashitizim, wato laushin ƙashi na yara, suka raba su gida uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun. Bayan mako 24, cikin waɗanda suka sha kalsiyam kaɗai kashi 61 cikin 100 sun kai matakin warkewar da aka sa a gaba, masu duka biyun kashi 58, masu bitamin D kaɗai kashi 19. An buga sakamakon a 1999. Kalsiyam ɗin da yaran ke samu a abinci wajen miligram 200 ne a yini, alhali ƙwararrun duniya da suka zauna kan wannan cuta suka fitar da ƙa'ida a 2016 sun ce yaron da ya haura shekara ɗaya, in bai samu 300 ba yana cikin haɗari, wadata kuwa sai sama da 500. Fiye da rabin yaran na Jos ajiyarsu ta bitamin D ba ta faɗi ƙasa da 12 ba, kuma kalsitriyol ɗinsu sama yake, ba ƙasa ba.

Ga yadda abin ke faruwa a jikin irin wannan yaro. An yaye shi, an ɗora shi kan koko da tuwo, babu nono. Kalsiyam ɗin jini ya ɗan sauka, PTH ya tashi, ƙoda ta yi ta zubo kalsitriyol. Homon ɗin ya isa hanji ya buɗe ƙofofi duka, amma babu abin shigowa. PTH ɗin nan kuma na sa ƙoda zubar da fosfat a fitsari, kuma rashin fosfat ne ke hana bakin ƙashin da ke tsiro ya daskare. Yaro ya fara tafiya, nauyinsa ya sauka kan ƙashi mai laushi, ƙafa ta lanƙwashe, wuyan hannu ya kumbura, haƙarƙari ya yi ƙulle-ƙulle. Sannan yawan kalsitriyol ɗin ya tada CYP24A1, wanda ke cinye ajiyar kalsidiyol da sauri. Ke nan ƙarancin kalsiyam na iya jawo ƙarancin bitamin D ko da yaron a rana yake wasa. Shi ya sa ƙa'idar 2016 ta ce a haɗa duka biyun wajen magani.

Wannan ne ya fi damuna, domin cimar yaran Jos ba ta yi nisa da ta yaran Bukoki ko Harobanda ba. Gero da dawa da masara da shinkafa ba su da kalsiyam mai yawa, kuma dusar hatsi na ɗauke da wani sinadari, fitat, mai kama ɗan kalsiyam ɗin da ke akwai ya hana hanji tsotse shi. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami na rage fitat, abin da iyayenmu mata ke yi wa kamu tun kafin a san sunan sinadarin. Kuma ƙasar makiyaya ce tamu. Kofi ɗaya na nono, wajen rubu'in lita, na ɗauke da kalsiyam kusan miligram 300. Cukun da ake kawowa daga yankin Tawa nono ne da aka busar, kalsiyam ɗinsa a dunƙule yake. Kuka na cikin ganyayen da suka fi kalsiyam, zogalar da ake kwaɗawa a kowane lungu na Yamai ma na da nata, haka ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya. Su Thacher ma sun gwada dakakken kifi daga baya, ya kuma warkar da yara. Abin takaici shi ne furar da yaro ke sha a gidan da kuɗi suka yi ƙaranci, ruwa ya fi nono yawa a cikinta. Uwar da ta ga ƙafar ɗanta na lanƙwashewa kada ta tsaya jiran wai zai miƙe da girma, kada kuma ta tsaya ga ɗaurin ƙafa. Ta kai shi asibiti tun ƙashi na tsiro, lokacin da magani ke iya miƙar da shi ba tare da tiyata ba.

Ba ina cewa babu masu ƙarancin bitamin D na gaskiya a cikinmu ba. Akwai su, kuma sun fi yadda ake zato. Wani nazari da Reagan Mogire na Kenya da abokansa suka buga a 2020, wanda ya tattara binciken da aka yi a faɗin Afirka, ya samu wajen kashi 18 cikin 100 na ƙasa da nanogram 12, wajen kashi 34 kuma na ƙasa da 20, kuma abin ya fi yawa a birane, da mata, da jarirai sabbin haihuwa. Duk wanda ya san zaman Yamai na yanzu ba zai yi mamaki ba. Ma'aikaci ya fita daga ɗaki ya shiga mota ya shiga biro, ya dawo bayan la'asar. Tsakar gida an rufe ta da rumfar kwano saboda zafi. Matar da ke kulle, ko mai suturta jikinta in za ta fita, ba a ce ta bar addininta ko mutuncinta ba, abin da take buƙata shi ne wani ɓangare na tsakar gida da rana ke sauka, ta bar hasken ya taɓa hannaye da ƙafafu na ɗan lokaci a mafi yawan ranaku. Mai ciki jikinta na ninka kalsitriyol sau biyu ko fiye don ta tsotso wa ɗan tayi kalsiyam, kuma jariri da ajiyar uwarsa yake zuwa duniya. Nonon uwa, duk albarkarsa, bitamin D ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa ƙa'idar 2016 ta ce a ɗiga wa jariri ma'auni 400, wanda ake rubuta UI ko IU a jikin kwali, kullum har ya cika shekara. Akwai kuma magungunan da ke sa hanta rusa bitamin ɗin da sauri, irin su Gardénal da karbamazefin na farfaɗiya da rifamfisin na tarin fuka. Mai shan su kada ya daina, ya dai tuna wa likitansa zancen ƙashi. Duk waɗannan mutane bitamin D na yau da kullum suke buƙata, ƙodarsu lafiya take, ita za ta ƙarasa aikin.

Da yake an ambaci tarin fuka, ba ƙoda kaɗai ke da enzim ɗin CYP27B1 ba. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, makrofaj, na yin nasu kalsitriyol a wurin da suka ci karo da ƙwayar cuta, kuma a 2006 aka nuna cewa yana sa su ƙera wani makami, katelisidin, mai kashe ƙwayar tarin fuka. Wannan ya sa aka ci buri mai yawa, har aka shiga tallar bitamin D a matsayin maganin komai. Da aka zo gwaji a kan mutane, abin bai tafi haka ba. A Mongoliya an ba yara ƴan makaranta fiye da dubu 8 ko dai bitamin D ko ƙwayar da babu komai a cikinta, mako-mako har shekara 3, kuma sakamakon da ya fito a 2020 bai nuna raguwar kamuwa da tarin fuka ba. A Amurka gwajin VITAL kan manya kusan dubu 26, da ma'auni 2000 kullum, bai rage ciwon daji ko ciwon zuciya ba. Abin da aka tabbatar kuma shi ne, kalsitriyol ɗin makrofaj ba ya jin maganar PTH, don haka wani mai tarin fuka ko mai cutar sarkoyidos kan yi shi fiye da kima har kalsiyam ɗin jininsa ya hau. Irin wannan majiyyaci in aka ɗora masa babban ma'aunin bitamin D ba tare da awo ba, cutar da shi aka yi.

Inda kalsitriyol ke zama magani na gaske shi ne ciwon ƙoda mai tsanani. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu cin ƙoda a hankali, ga kuma diklofenak da ibuprofen da ake saye a tire ana sha kullum don ciwon jiki, waɗanda ke ƙara mata rauni. Tun ƙoda na tsakiyar lalacewa, kafin mutum ya ji komai, FGF23 ke hawa don ya tilasta fitar da fosfat, kuma hawan nasa na danne yin kalsitriyol. Daga baya ƙwayoyin da ke yin homon ɗin su ma su mutu. Hanji ya daina tsotsar kalsiyam, fosfat ya taru, paratayirod su kumbura su riƙa zubo PTH ba tsayawa, ƙashi ya riƙa narkewa shekara da shekaru. Kalsiyam da fosfat ɗin da suka fito kan je su daskare a bangon jijiyoyin jini. Masu zuwa wankin ƙoda a asibitin Lamorde sun san ciwon ƙashi da ƙaiƙayin jikin da ke tafiya tare da wannan hali. Irin wannan majiyyaci ko ya yini a rana, ko ajiyarsa ta cika maƙil, wurin da ake ƙarasa gyaran ne ya mutu. Dole a ba shi kalsitriyol da aka riga aka haɗa, ko alfakalsidol, wanda ake sayarwa da sunan Un-Alfa, da hanta kaɗai ke ƙarasawa ba sai ya bi ta ƙoda ba. Ko a nan ma ba kowa ake ba ba. Ƙa'idojin likitocin ƙoda na duniya da aka sabunta a 2017 sun ce wanda bai kai ga wankin ƙoda ba kada a ba shi don al'ada kawai, sai in PTH ya hau sosai yana kuma ci gaba da hawa.

Ana kuma ba wanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo paratayirod ɗinsa suka taɓu, domin in babu PTH ƙoda ba ta samun umarni. Da wasu yara ƙalilan da aka haifa babu enzim ɗin CYP27B1 mai aiki, waɗanda rashitizim ɗinsu ba ya jin bitamin D na yau da kullum.

A farmasi duka biyun ana ce musu bitamin D, kuma nan ne haɗarin yake. Ƴar kwalbar Uvédose na ɗauke da ma'auni dubu 100, wato mikrogram 2500 na bitamin D3, ana shanye ta sau ɗaya, jiki ya adana, ƙoda ta riƙa ɗiba sannu a hankali. Ƙwayar kalsitriyol kuwa mikrogram 0,25 ce kawai, a nauyi kashi 1 cikin dubu 10 na waccan, amma ta tsallake ƙoda da duk masu gadin da muka ambata, aiki take farawa nan take. Wanda ya ga ƙanƙantar adadin ya ce bari ya ninka, ko ya ɗauki ragowar maganin ɗan'uwansa mai wankin ƙoda don ciwon bayansa, na iya cika jininsa da kalsiyam cikin ƴan kwanaki. Shi ma bitamin D na kwalba in aka riƙa maimaita shi kusa da kusa ba da awo ba yana zama guba, kuma tasa ta fi daɗewa, domin a kitse yake kwanciya ya yi watanni.

Mai shan kalsitriyol ko alfakalsidol, a riƙa auna masa kalsiyam da fosfat a kai a kai, musamman a makonnin farko da duk lokacin da aka sauya ma'auni, PTH kuma lokaci zuwa lokaci. Kada ya ƙara wa kansa ƙwayar kalsiyam ko wani bitamin D a gefe. In yana shan haidroklorotiyazid na hawan jini ya faɗa wa likita, domin wannan maganin na riƙe kalsiyam a jiki. Alamomin hawan kalsiyam su ne ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, taurin bayan gida, tashin zuciya, kasala da ruɗewa, in ya daɗe kuma tsakuwar ƙoda. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, kowa na jin ƙishirwa da kasala, don haka abu ne mai sauƙi iyali su ɗora wa zafi laifin, alhali bushewar jiki na ƙara tsananta hawan kalsiyam ɗin. In mai shan wannan magani ya fara amai ko maganarsa ta fara ruɗewa, a dakatar da ƙwayar, a kai shi asibiti a ranar tare da kwalin maganin, a roƙi a auna kalsiyam.